Injin kwale-kwale mai wuyar tashi, mai mutuwa a silo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin kwale-kwale mai bugu biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Tun da na ajiye shi wata uku, sai na ja igiya har hannuna ya gaji kafin ya tashi, kuma da na saki totur ko na mayar da cok sai ya mutu, alhali idan ya ɗauki gudu lafiya lau yake tafiya. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injin da ke gudu lafiya amma ya kasa tsayawa a silo, musamman bayan doguwar ajiya, kafireta ce abin zargi na farko. Fetur ɗin da ya daɗe a kwanonta yakan ƙafe ya bar wani danƙo mai launin ruwan ƙasa, wanda ke toshe jet ɗin silo, wato ɗan bututun da ke ba injin mai idan an saki totur, domin ƙofarsa ba ta fi bakin allura ba. Babban jet yana da faɗi, shi ya sa gudu bai samu cikas ba. Mutuwar da yake yi idan ka mayar da cok shaida ce cewa mai ne ba ya isarsa.

Kafin ka kwance komai, ka zubar da tsohon man, ka haɗa sabo bisa ma'aunin da kamfanin ya rubuta, wanda a yawancin waɗannan injina kashi 50 ne na fetur ga kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 100 a lita 5. Ka buɗe mashaƙar iskar tanki, ka matsa robar tiyo har ta yi tauri. Sannan ka ciro fulogi: idan ya fito a bushe bayan jan igiya, mai bai iso ba, idan ya fito baƙi a jiƙe, ka sauya shi.

Wajen wanke kafireta, ka ciro jet ɗin silo ka ɗaga shi saitin haske, sai ka ga rana ta cikinsa kafin ka mayar. Kada ka zura masa waya, domin takan faɗaɗa ƙofar. Masu gaggawa sukan fara da murɗa sukurun silo, abin da ke ɓoye cutar kawai. Daidaita silo sai injin ya ɗumama yana cikin ruwa, kuma kada ka taɓa tayar da shi a tudu ba ruwa, domin robar famfon sanyaya shi takan ƙone nan take.

Idan duk da haka bai daidaita ba, bakanike ya auna matsin silinda, ya kuma duba ko iska na kutsawa ta robobin karanshaf.