Tambaya da Amsa: Lambar da ta fito daga dilar gwanjo

Tambaya: Malam, ina sayar da gwanjo a Kano. A aljihun wata kwat da ta zo daga Ingila na tsinci wata lamba mai launin gwal, rataye da kintinkiri shuɗi. Siffar sukwayar kafinta ce, a ƙasanta akwai ɗan zane, a baya kuma an rubuta suna da 1924. Wani maƙerin fari ya ce in kawo ya narke. Wasu sun ce kayan tsafi ne. Me zan yi? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, kar ka bari a kai ta wuta tukuna. Yadda ka siffanta ta, lambar 'yan Freemason ce, wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka mai rassa da yawa, irin lambar da reshe ke ba mutumin da ya gama wa'adinsa na shugabanci. Babbar majalisarsu ta farko an kafa ta a Landan a 1717, kuma sukwaya da kamfas na magina ne tambarinsu. Zanen da ke ƙasa ba hatimin boka ba ne, lissafin Pythagoras ne na alwatika, wanda yaranmu ke yi a sakandare. Hukuncin shiga ƙungiyar na bar wa malamai. Ni kan ƙarfen zan yi magana.

Samu gilashin da masu gyaran agogo ke amfani da shi, ka duba bayanta. Turawan Ingila suna buga wa azurfa da zinariya ƙananan hatimai. In ka ga zaki yana tafiya, azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000, an yi mata ruwan gwal. In ka ga 375, gwal ne mai karat 9. Angar jirgin ruwa na nufin a Birmingham aka auna ta, kan damisa kuma Landan. Akwai harafi guda da ke nuna shekarar. Sau da yawa za ka ga sunan masu ƙerawa, kamar Kenning ko Spencer. In babu hatimi ko ɗaya, to mai yiwuwa tagulla ce aka shafe.

Abin da maƙerin ba zai gaya maka ba shi ne, nauyi kawai zai biya. Masu tara irin waɗannan kaya kuwa sunan da aka zana, lambar rajistar reshen da shekarar suke saye, domin da su ake gano mai ita. Kintinkirin ma, duk tsufansa, kar ka cire. Kuma don Allah kar a goge ta da toka ko lemun tsami. Ruwan gwal ɗin zai tafi, kuɗin ya bi shi.

Sai dai kar ka ɗora buri. An ƙera irinsu da yawa ƙwarai, ba kowace ce ke tsada ba. Ɗauki hotonta gaba da baya, ka nemi irinta a eBay, wato shafin saye da sayarwa na intanet, ka duba farashin waɗanda aka riga aka sayar, sannan ka koma wurin maƙerin da sanin abin da ke hannunka.