Shin hukuma na da hurumin shiga tsakanin uba da 'ya'yansa?

Tambaya: Malam, mutum ne ya yi watsi da 'ya'yansa, ba ci ba karatu. In an yi magana ya ce shi ya haifi abinsa. Hukuma za ta iya tilasta masa, ko ta karɓe yaran?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗa amana ne a hannun uba, ba dukiyarsa ba ce. Aya ta 233 a suratul Baƙara ta ɗora masa ciyarwa da tufatarwa, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. A mazhabar Malikiyya nauyin ɗa namiji yana kansa har ya balaga da ikon neman na kansa, mace kuwa sai ta tare a gidan miji.

To amma a bambance mai sakaci da mai gazawa. Mai hali da ya ƙi, alƙali zai tilasta masa. Da Hindu bint Utba ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, Annabi (SAW) ya ba ta izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. In kuwa ana cutar da yaro, ana mayar da renonsa ga dangi mafi cancanta.

Talauci kaɗai ba ya halatta raba ɗa da iyayensa, kuma nan ne nake so a tsaya. Waccan aya ta suratul Baƙara ta ce magaji ma yana da irin nauyin, sannan Annabi (SAW) ya ce wanda ya mutu ya bar iyali marasa galihu, nauyinsu yana kan shi Annabi. Wannan nauyi yana kan duk mai mulki. An ruwaito cewa Umar ɗan Khaɗɗabi ya ji jariri yana ta tsala kuka da dare. Ya tambayi uwar, ta ce yaye shi take yi tun lokaci bai yi ba, don baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi. Umar ya yi kuka, ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da kasonsa tun daga haihuwa. Bai hukunta matar ba, dokarsa ya gyara.

Saboda haka ya halatta hukuma ta wajabta karatu, ta hukunta mai sakaci, amma wajibi ne ta fara tallafa wa uban da ya gaza. A naku lamarin, dattawan dangi su fara yi masa nasiha. In ya ƙi, a kai gaban alƙali.

Wallahu a'alam.