Kiret ɗin ƙwai ba ya tare ƙara

Ka tambaye ni ko soso da kiret ɗin ƙwai za su wadatar a ɗakin da mawaƙan nan za su riƙa gwaji a Anguwar Rogo. Kai yaro, shekara nawa kana hannuna, har yau kana kawo mini zancen kiret? Hana ƙara fita daban, gyara sauti a cikin ɗaki daban. Soso amsa-kuwwar siririyar murya kawai yake shanyewa. Nauyi ne ke tare ƙara: bulo da aka cika da kankare, bango biyu da iska a tsakani, ƙofa mai kauri da roba a gefenta yadda ko haske ba zai ratsa ba.

Wannan maganar ta taɓa cin kuɗina. Wani mai situdiyo ta wajen Bauchi Road ya kira ni, na ɗaga kai na ga rufin kwano. Na ce Alhaji, nan fa Jos ce, ruwanmu har da ƙanƙara yake zuwa, a yi silin biyu a cusa audugar faiba. Ya ce na cika tsada, shi a YouTube ya ga soso kawai ake mannawa. Na yi masa yadda yake so, na karɓo katako bashi a Kasuwar Katako da sunana. Ruwan Agusta na sauka, makirufo ya koma ɗaukar rugugin kwano fiye da muryar mawaƙi. Janaretan da ya ajiye jikin bango kuma gurnaninsa na biyo ƙasa yana shigowa. Maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa saboda ganga. Mutumin nan ya hana ni cikon kuɗina, ya bi situdiyo-situdiyo yana cewa ban iya aiki ba. Wata bakwai ina biyan mai katako daga aljihuna. Har gobe in na bi ta layin nan raina ɓaci yake.

Ku yaran yanzu waya ce malamarku, kunne kuwa ba ku amfani da shi. Sautin ganga mai kauri zangonsa, wato tsawon igiyar sautin guda ɗaya a iska, yakan wuce mita 3, ta yaya soso mai inci 2 zai kama shi? A kusurwa yake taruwa, can za ka cika da faiba mai kauri. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya, ka ce musu a'a. Awo da kafa firam ba zan tsaya koya maka ba.

Gobe ka je ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya, ka saurari abin da bango zai dawo maka da shi. Ka duba rufin kafin ka buɗe baki ka faɗi farashi.