Hutu a Jirgin Ruwa Tsakanin Tsibiran Girka: Amsoshin Tambayoyinku

Mu shida ne, iyali guda. Muna son ɗaukar hayar jirgi mai filafilai na mako ɗaya a watan Agusta, mu zaga Santorini da Mykonos. Ta ina za mu fara? Daga wani magidanci a Abuja.

Alhaji, ku fara da sauya ko dai wurin ko kuma watan. Santorini da Mykonos suna cikin rukunin tsibiran Cyclades a tsakiyar tekun Aegean, kuma a Yuli da Agusta ne iskar arewa da Girkawa ke kira meltemi take kan ganiyarta a can. Tana kai mataki na 6 ko na 7 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, wani lokaci har 8, kuma idan ta tashi tana iya yin kwanaki ba ta kwanta ba. Sararin sama garau, babu ko gajimare, amma teku ya hautsine. Sauka kudu da iska a bayanku ba wuya. Komowa arewa don mayar da jirgi ranar Juma'a shi ne aikin. Santorini kuma ba ta da wurin kwana mai daɗi ga ƙananan jirage, domin ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, zurfinsa ya fi ƙarfin sarƙar anka, wato ƙarfen da ake saki cikin ruwa don tsayar da jirgi.

Ga iyalin da ba su saba da teku ba, wurare biyu muke nunawa. Na farko tekun Ionian a yammacin ƙasar. Ana sauka a filin jirgin sama na Preveza, a karɓi jirgi a Lefkada, a bi Meganisi da Sivota, sannan Kioni da Vathy a tsibirin Ithaca, sai Fiskardo a arewacin Kefalonia, ƙauyen da tsofaffin gidajensa suka tsira daga girgizar ƙasar 1953 da ta rushe mafi yawan tsibirin. Iskar can tana da ladabi: safiya lumui, bayan azahar ta taso daga arewa maso yamma, da magariba ta lafa. Na biyu mashigin Saronic da ke bakin Atina, babban birnin ƙasar. Daga tashar Alimos zuwa Aegina tafiyar kamar awa uku ce, sannan Poros, Hydra inda ba a hawa mota, da Epidavros mai tsohon dandalin wasan kwaikwayo na dutse.

Jirgi mai filafilai yana cin mil 5 zuwa 6 na teku a awa, mil ɗaya kuwa mita 1,852 ne. Ku tsara mil 15 zuwa 25 a rana, kada ku zarce. In da hali ku zaɓi Yuni ko Satumba. Satumba ta fi, don ruwan ya ɗumama kuma cunkoso ya ragu. Makon 15 ga Agusta babban biki ne a Girka, tashoshi cike suke maƙil. Idan Santorini ce dai a ranku, ku gama makonku ku shiga babban jirgin fasinja daga Piraeus, babbar tashar jiragen ruwa ta Atina, ku je ku gan ta.

Babu wanda ya taɓa tuƙa jirgin ruwa a cikinmu. Za a ba mu haya?

Za a ba ku, amma da matuƙi. Kafin kamfani ya miƙa jirgi ba matuƙinsa, dokar Girka tana neman mutum ɗaya mai lasisin tuƙi da aka amince da shi, irin su ICC, takardar shaidar ƙwarewar tuƙi ta ƙasa da ƙasa, da mutum na biyu da ya kai shekara 18 wanda shi ma yake da takarda ko zai sa hannu cewa ya iya taimakawa. Akwai tafiyar ayari, inda jirage kusan goma ke bin jirgin jagora ɗaya, amma a nan ma kowa shi ke tuƙa nasa.

Matuƙin haya ana biyansa kullum, galibi wajen Yuro 200, kuma cinsa a wuyanku yake. Abin da ake yawan mantawa shi ne ɗakin kwanansa: ku shida da matuƙi kuna buƙatar jirgi mai ɗaki huɗu, ba uku ba. Ku tambaya tun da wuri ko yana jin Turanci, ku kuma sanar da kamfani idan akwai mata da yara, domin mako guda za ku yi da baƙo a wuri ƙarami. A kan maganar iska da hanya, nasa ne hukunci na ƙarshe, ko da ku kuka biya kuɗin. Wanda bai iya iyo ba ya faɗa masa ranar farko, ya riƙa sa rigar kariya duk lokacin da jirgi ke tafiya.

Na ga tallan jirgi a Yuro 2,800 na mako. Shi ke nan kuɗin? Kuma wanne ya fi, mai gindi ɗaya ko katamaran? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

Hajiya, wannan kuɗin jirgi ne tsuransa. A kansa akwai matuƙi, kuɗin wanke jirgi a ƙarshe, man dizal da za ku cika tanki da shi ranar dawowa, kuɗin kwana a tasha, ruwa, abinci, da injin ƙaramin kwalekwalen roba wanda sau da yawa daban ake cajinsa. Kwana a gaɓar ƙauye kuɗi kaɗan ne, amma tashoshi masu zaman kansu suna da tsada. Ki nemi kamfani ya rubuto miki duk abin da yake tilas a biya, layi-layi, kafin ki tura kafin alƙalami.

Sai kuɗin jingina, wanda yakan kama daga Yuro 1,500 zuwa 3,000. A kan katin banki ake riƙe shi ranar karɓar jirgi, kuma nan ne matafiya daga Najeriya ke yawan cijewa, saboda katin Naira da aka ƙayyade masa abin da zai kashe a waje ba zai ɗauka ba. Ki tanadi katin asusun kuɗin waje, ki kuma tambaya ko suna karɓar irinsa. Kamfanoni da yawa suna ba da zaɓin biyan wani kuɗi da ba a mayarwa don a rage jinginar. Ga sababbi, muna ganin ya cancanta.

Katamaran, wato mai gindi biyu, ba ya karkacewa idan iska ta cika filafilai, ɗakunansa sun nisanci juna, ga fili. Dattawa da masu saurin jiri sun fi sakewa a cikinsa. Amma kuɗinsa yakan kusan ninka na ɗayan, kuma faɗinsa yana hana shi samun gurbi a ƙaramar tasha irin ta Hydra. Idan aljihu ya matse, mai gindi ɗaya mai tsawon mita 13 zuwa 14 zai ɗauke ku.

Mene ne ya fi lalacewa ko jawo a cire wa mutum kuɗin jinginarsa?

Bayi ne a sahun gaba. Bututunsa siriri ne, takarda ko ƙunzugun yara na toshe shi nan take, kuma kamfani zai caje ku kuɗin buɗewa. Komai a kwandon shara ake sawa. Masu tsarki da ruwa sun huta da rabin wannan matsala, sai dai su tuna tankin ruwa lita ɗari uku ne zuwa ɗari shida ga kowa da kowa. A tari ruwan alwala a buta maimakon sakin famfo, a sayi na sha a roba.

Na biyu shi ne tsayawa a tasha. A Girka da baya ake shiga: a saki anka tun jirgi yana nesa da gaɓa kamar tsawonsa uku ko huɗu, a riƙa sakin sarƙa ana ja da baya, a jefa igiya biyu a ɗaure, sannan a ɗame sarƙar. In an saki anka kusa, sarƙa ta yi gajere, iskar dare za ta tumɓuke ta, bayan jirgi ya daki siminti. In an sake ta a karkace, za ta hau kan ta maƙwabci, da safe a yi ta fama. Injin ɗaga anka yana shan batir sosai, don haka ba a taɓa shi sai babban inji na aiki. Igiyar da aka bari tana lilo a ruwa kuwa farfela ce za ta naɗe ta, inji ya mutu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da gaɓa. Aikin balan-balan ɗin roba da ke rataye a gefe ke nan. Ku isa tasha kafin ƙarfe uku na rana, in ba haka ba a waje za ku kwana.

Ana karɓar jirgi Asabar da yamma, a dawo da shi Juma'a da yamma, a fita Asabar da safe. Lokacin karɓa ku ɗauki hoton kowane ƙarzanen da ke jikinsa, ku gwada bayi, firji, murhun gas da fitilu a gaban ma'aikacin.

Yaya batun abincin halal da salla?

Naman alade ya yawaita a gyros da souvlaki, wato shawarma da tsiren Girkawa, don haka ku riƙe kalmomi uku: hirino alade, kotopoulo kaza, arni rago. Wanda ke son yankan Musulmi ya saya a tsakiyar Atina kafin ya hau jirgi, ya ci shi a kwana biyun farko, don firjin ƙarami ne. A ƙauyuka kifi ne mafita, ga wake, ganye da cuku. Da kilo ake sayar da babban kifi, ku sa a auna a faɗa muku kuɗin kafin ya hau wuta, ku kuma tambaya ko an sa giya a miya.

Alƙibla tana kudu maso gabas, wajen digiri 135 daga Atina, kuma akwai kamfas a gaban matuƙi. Jirgin da ke kan anka kaɗai yana juyawa da iska, a duba kafin kowace salla. Atina tana da masallaci a unguwar Votanikos tun 2020, amma a ƙauyukan Ionian da Saronic kada ku sa ran samu.

Biza da kaya fa?

Bizar Schengen ce, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai da Girka ke ciki, kuɗinta Yuro 90 ga babba, tare da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida. Ku haɗa da takardar hayar jirgi da jerin sunayen fasinja a matsayin shaidar masauki, ku kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan biza ba ta fito ba.

Jaka mai laushi za ku ɗauka, akwati mai tauri ba shi da wurin ajiya. Wutar soket sai an jona da ta tasha, ku zo da caja ta mota. Mai jiri ya sha magani awa guda kafin a tashi, ya zauna a sama yana kallon nesa, kada ya sauka ɗaki. Lambar gaggawa 112 ce, ta masu tsaron gaɓar teku 108, a rediyon jirgi kuma tasha ta 16.