Projucer, CMake ko Meson: da wanne zan gina fulogin ɗina?

Tambaya: Malam, na rubuta fulogin (ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a cikin babbar manhaja) na gyaran murya da yaren C++ a kan JUCE, tsarin da ake gina manhajojin sauti da shi. A Windows yana aiki lafiya lau a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, amma abokina mai Mac ya ce tasa manhajar, Logic, ko ganinsa ba ta yi ba. In ci gaba da Projucer ne, kayan ginin da ke zuwa da JUCE, ko in koma wasu kayan ginin, CMake ko Meson?

Amsa: Ɗan'uwa, koma CMake. Sai dai ka sani, matsalar abokinka ba ta Projucer ba ce. Logic ba ta buɗe fulogin nau'in VST3 sam, nau'in AU na Apple kawai take karɓa, shi kuma AU a kan Mac ake gina shi.

Tun JUCE 6, wadda ta fito a 2020, ana iya sarrafa ta kai tsaye da CMake. A fayil guda, CMakeLists.txt, za ka kira juce_add_plugin ka jera VST3 da AU, sannan fayil ɗin nan shi zai fitar maka da aikin Visual Studio a Windows, na Xcode a Mac, na Ninja ko Make a Linux. Kayan VST3 na Steinberg, kamfanin da ya ƙirƙiro shi, su ma da CMake ake gina su. Meson ya fi daɗin karatu, ban musa ba, amma hannun da za ka sa kafin ya jitu da JUCE ya fi ribar yawa.

Abin da ke kayar da mutane shi ne, fulogin baƙo ne a gidan wani. Cikin manhajar da ta ɗauko shi yake gudana, dole ya dace da ita. Mac na yanzu iri biyu ne, masu Intel da masu M1 zuwa sama. Saka arm64 (na masu M1) da x86_64 (na masu Intel) a CMAKE_OSX_ARCHITECTURES, fayil ɗaya ya wadaci duka biyun. Daga nan sai sa hannu da tantancewar Apple, in ba haka ba macOS zai tare shi a bakin ƙofa, kuma asusun yin hakan dala 99 ne a shekara. A Windows, haɗa laburaren MSVC, wato lambobin tallafi na kayan ginin Microsoft, cikin fulogin ɗin, kada mai amfani ya tsaya neman wani fayil na DLL da ba shi da shi. A Linux, gina a kan tsohon Ubuntu, don abin da aka gina da sabuwar glibc, laburaren da manhajojin Linux ke dogara da shi, kan ƙi tashi a tsohuwa.

In ba ka da Mac, kada ka ci bashi. GitHub Actions, wata hidima ta intanet, na ba da injinan Windows, macOS da Linux, ka tura musu aikin su gina. Abokin naka kuwa ya gwada da auval, manhajar Apple mai tantance AU, kafin ya buɗe Logic.