Waya ta hana yarana ɗinki, in ƙwace?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina da shagon ɗinki a Kano, 'yan mata shida ke min aiki. Kullum idonsu na kan TikTok, keke na tsaye. Makon jiya ɗaya ta saka hoton kayan wata amarya a WhatsApp tun kafin biki, uwar amarya ta zo tana faɗa. In hana waya gaba ɗaya?
Daga wata mai ɗinki, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki ƙwace, domin ta waya kwastomomi ke turo samfurin ɗinki da shaidar biyan kuɗi. Ki sayi waya ɗaya ta shago, ki sa mata WhatsApp Business, ki damƙa wa babbarsu. Nasu kuwa su zauna a aljihun tebur, a ɗauka lokacin sallar Azahar da cin abinci. Mai jinya a gida ta bar tata a kunne. Ke ma ki ajiye taki, don suna kallonki.

Maganar hoton ce ta fi damuna. Amarya ta ɓoye kayanta sai ranar biki a gani, cin amana ne a fitar da su. In har fuska ko sunan kwastoma ya fito, dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ma tana neman a samu izininta. Ki ja yarinyar gefe, ba gaban 'yan'uwanta ba, ta goge hoton. Sannan ku je gidan tare ku ba Hajiya haƙuri.