Amsa: Me ya sa plasmid ke lalacewa wurin busarwa?

Malama, kin ce kina digiri na biyu a Jos, kuma plasmid ɗin rigakafinki, wato ƙaramin zoben DNA, na lalacewa duk sanda kika daskarar da shi kika busar a inji.

Plasmid mai kyau a murɗe yake kamar tufkar igiya, ƙanƙara da bushewa ne ke tsinka shi ya saki. Ki zuba sukros ko tirehalos, nau'o'in sukari ne, tun kafin daskarewa, su ke riƙe shi idan ruwa ya fita. Sodiyam fosfet kuwa, gishirin da ake sa wa don daidaita tsami, ki bar shi, yana ƙara tsami idan ya daskare.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne gaggawa a busarwar farko, wato lokacin da inji ke fitar da ƙanƙara daga cikin kayan. Da sukros, muddin kayan cikin kwalba suka ɗumama fiye da kusan digiri 32 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, dunƙulen kayan da ke bushewa zai rushe ya yi danƙo. Ɗaukewar wuta ma haka take yi, don haka janareta dole ne.

Kada farin dunƙule ya ruɗe ki. Ki jiƙa shi, ki gwada a jel ɗin agaros da ake tantance DNA da shi, tare da wanda ba a busar ba, don ki ga ko plasmid ɗin na nan a murɗe.

Saitin inji kam, ki leƙa cibiyar binciken dabbobi ta Vom, sun daɗe suna busar da rigakafi. Gwaji a jikin mutane sai da izinin NAFDAC.